Karatun lafiyar ƙwaƙwalwa a aji na 12 da 13 a Ingila: jagora ga sababbin zuwa

A Ingila doka ta wajabta wa matashi ya ci gaba da karatu ko koyon sana'a har ya cika shekara 18. Bayan jarabawar GCSE, wadda ake yi a shekara 16, ɗalibi yakan yi shekara biyu a aji na 12 da na 13, a makarantarsa ko a kwaleji. Mai son ya yi aiki da masu lalurar ƙwaƙwalwa yakan shiga ne ta kwas ɗin BTEC na kiwon lafiya da kula da jama'a, ko ta T Level na lafiya, wanda aka fara a 2021, mai ɗauke da aƙalla sa'o'i 315 na aikin sanin makama. BTEC iri-iri ne: akwai mai nauyin darasin A Level ɗaya, da mai nauyin biyu, da mai nauyin uku. Sakamako mafi girma a cikinsa, D*, makinsa 56 ne a ma'aunin shiga jami'a na UCAS, daidai da A* a A Level. Iyayen da ke ɗaukar kwas ɗin sana'a a matsayin juji na waɗanda suka kasa ba su duba wannan lissafi ba. Sunayen kwasa-kwasan suna canzawa, kuma kowace kwaleji tana bayyana nata a shafinta.

Abin da ake koyarwa ya ƙunshi alamomin ciwon damuwa, da fargaba mai tsanani, da ruɗewar tunani, da matsalar cin abinci, da yadda talauci, kaɗaici, shaye-shaye da matsin gida suke taɓa hankalin mutum. Ana kuma karanta dokoki. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 1983 ta ba da damar tsare majinyaci a asibiti ba da son ransa ba, har kwana 28 a ƙarƙashin sashe na 2 domin bincike, ko har wata shida a ƙarƙashin sashe na 3 domin magani. Wata doka ta 2005 kuwa ta ce a ɗauki kowane baligi a matsayin mai iya yanke wa kansa shawara har sai an tabbatar da akasin haka, ko da shawarar tasa ba ta yi wa danginsa daɗi ba. Wannan yakan zo wa ɗan Kano ko ɗan Maraɗi banbaraƙwai, domin a gida dangi ne ke yanke hukunci a kan marar lafiya. Ɗalibi zai kuma ci karo da alƙaluman hukumar lafiya ta NHS da ke nuna cewa ana tsare baƙar fata a ƙarƙashin dokar 1983 fiye da ninki uku na yadda ake tsare farare. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a so ganin 'ya'yanmu a fagen.

Sharaɗin shiga yawanci darasi huɗu ko biyar ne na GCSE da sakamako 4 ko sama. Wanda bai samu 4 a Turanci ko lissafi ba, zai ci gaba da karanta su tare da kwas ɗinsa. Mai takardar WAEC ko NECO ana iya tura shi hukumar UK ENIC ta auna masa ita. Duk wannan a rubuce yake, kowa zai iya dubawa.

Inda ake tuntuɓe shi ne takardar DBS. Kafin a bar ɗalibi ya taka gidan kula da tsofaffi ko sashen masu taɓin hankali domin sanin makamar aiki, sai an yi masa binciken laifuffuka mai zurfi daga hukumar DBS da aka kafa a 2012. Fom ɗin yana neman duk adireshin da mutum ya zauna cikin shekara biyar ba tare da giɓi ba, da duk sunan da ya taɓa amsawa a takarda, sannan jami'in kwaleji ya jera takardun shaida a gabansa yana bin su harafi-harafi. A nan ne sakacinmu da rubutun suna yake fitowa fili. Yarinya guda, a fasfo Aishatu Muhammad Sani, a takardar haihuwa Aisha Mohammed, a takardar WAEC A'isha M. Funtua, domin a firamare malami ya liƙa mata sunan garinsu. A gida kowa ya san mutum ɗaya ce. Jami'in kuwa mutum uku yake gani, kuma ba shi da ikon ya yi mata kara, ko da ya so. Fom ya tsaya, 'yan ajinta su fara zuwa aiki, ita tana zaune a ɗakin karatu mako bayan mako, sa'o'in da ake buƙata suna taruwa a kanta. Idan takardu suka kasa tabbatar da ko wace ce, matakin ƙarshe shi ne a ɗauki hoton yatsunta a wajen 'yan sanda, yarinyar da ba ta taɓa satar ko allura ba.

Maganin wannan tun kafin rajista ake yin sa. Sunan da ke fasfo shi ne madogara: da shi za a yi rajistar kwaleji, da ta likita, da ta banki, ba a ƙara harafi ba a rage, domin da shi za a buga takardar kammalawa. Sauran sunayen a bayyana su duka a fom, a haɗa da takardar rantsuwa ta kotu da ke nuna mutum ɗaya ne. Ɓoye tsohon suna don gudun dogon bayani ya fi komai muni, domin idan ya fito daga baya rashin gaskiya za a kira shi. Haka kuma binciken DBS ba ya leƙa kundin wata ƙasa, shi ya sa wasu wuraren aikin suke neman takardar shaidar hali daga ƙasar da aka baro: ta 'yan sanda a Najeriya da Gana, ta kotu a Nijar. Neman ta kafin a taso ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan bin ta ta waya daga Landan ko Manchesta. Uba ya je kwaleji yana ɗaga murya yana cewa wariya ce ba ya gyara harafi ko ɗaya, sai dai ya bar 'yarsa da kunya a gaban malamanta.

A wurin aiki, babban abin da ake jarraba ɗalibi da shi riƙon sirri ne. Al'ummarmu a garuruwan Ingila ƙarama ce, kuma ba abin mamaki ba ne ɗalibi ya tarar da wani da suke masallaci ɗaya kwance a sashen. Idan ya dawo gida ya faɗa wa mahaifiyarsa, ita kuma ta faɗa wa ƙawarta a WhatsApp, ya karya doka, ana iya korarsa daga kwas, kuma ya tona asirin bawan Allah a ranar da ya fi buƙatar sutura. Iyaye ma su daina tambayar "wa ka gani?". Akasin haka kuma wajibi ne: idan majinyaci ya ce zai kashe kansa, ko ana dukansa a gida, ɗalibi ba ya alkawarin yin shiru, nan take yake sanar da mai kula da shi. Kawaici a irin wannan wuri laifi ne.

Ɗalibi ba ya buƙatar ya ajiye addininsa a bakin ƙofa. Dokar Daidaito ta 2010 ta hana nuna bambanci saboda addini; ana sa hijabi, ana neman lokacin salla, in dai an nema da wuri kuma cikin ladabi. A asibiti ana buƙatar hannu a buɗe daga gwiwar hannu zuwa ƙasa yayin taɓa majinyaci saboda tsafta, gara a tattauna wannan kafin ranar farko. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ɗalibi ya ce wa majinyaci aljanu ne ko sammu, ko ya fara yi masa ruƙiyya, ko ya ba shi shawarar barin magani. Majinyacin da ke son limami akwai hanyar da asibiti ke kira masa.

Bayan shekara biyun, hanyar da aka fi bi ita ce digirin jinyar masu lalurar ƙwaƙwalwa, shekara uku, sannan rajista da majalisar ma'aikatan jinya ta NMC. Ɗaliban jinya da suka cancanci tallafin gwamnati suna samun fam 5,000 a shekara, da ƙarin 1,000 ga masu wannan fanni. Amma biyan kuɗin jami'a a farashin 'yan ƙasa yana buƙatar, ga yawancin mutane, izinin zama na dindindin da zaman shekara uku a Birtaniya kafin fara digirin. Ɗan da ya zo a ƙarƙashin bizar aikin iyayensa zai iya gama aji na 13 da D* ya tarar kuɗin baƙi za a caje shi, ba kuma rancen karatu. Irin wannan ɗalibi yakan fara aiki a matsayin mataimakin jinya, ya tara gogewa har takardunsa su nuna, kuma wannan lissafi tun yana aji na 12 ake zama a yi shi da mai ba da shawara na kwaleji.