Anti-bairos a wayarka: ka riƙe guda ɗaya ko ka riƙa canzawa?

A cikin masu amfani da wayar Android akwai mutum biyu da kowa ya sani. Na farko manhajar anti-bairos ɗaya ya sani tun wayarsa ta fari. Duk sabuwar wayar da ya saya ita yake fara girkawa, kuma ba ya son ko a kushe ta. Na biyu kuwa ba ya wata biyu da guda ɗaya. Da ya ga talla, ko wani a guruf ɗin WhatsApp ya ce ga wadda ta fi, sai ya goge ta jiya ya sauko da ta yau. A darasinmu na yau za mu duba ribar kowannensu da asararsa, sannan mu fitar da ƙa'idar da za ka bi. Lamarin ba na wasa ba ne, domin a wannan wayar manhajar bankinka take, da OPay ko PalmPay ko Moniepoint, kuma a cikinta lambar OTP ke shigowa.

Me anti-bairos ke iya yi a waya?

An gina Android ne yadda kowace manhaja ke zaune a nata ɗakin, ba ta leƙa na maƙwabciyarta sai da izini. Ita ma anti-bairos manhaja ce kamar sauran, tana cikin nata ɗakin. Aikinta shi ne ta duba manhajojin da ka girka da fayilolin da ka saukar, ta kwatanta su da bayanan miyagun manhajoji da kamfaninta ke turo mata ta intanet, sannan ta gargaɗe ka idan za ka buɗe shafin bogi. Idan ta kama wata muguwar manhaja, yawanci ba ta iya cire ta da kanta, kai za ta nema ka goge.

Daga nan za ka fahimci abu biyu. Na farko, ƙarfinta yana hannun kamfanin da ke bayanta: ranar da ya daina sabunta ta, ta zama hoto. Na biyu, ba ta iya aiki sai ka ba ta izini masu nauyi, kamar ganin duk fayilolinka da shafukan da kake buɗewa. Wato tamkar mai gadi ne da ka miƙa wa makullan gida.

Ka kuma sani cewa wayarka ba tsirara ta zo ba. Tun shekarar 2017 Google ya sanya tsarin Play Protect a wayoyin Android masu Play Store, yana duba manhajoji ba tare da ka girka komai ba. Masu iPhone kuwa wannan muhawara ba ta dame su sosai ba, domin tsarin Apple bai ba wata manhaja damar binciken sauran ba. Abin da ake tallatawa a can da sunan tsaro galibi tace shafuka ne da VPN.

Illar yawan canji

Duk lokacin da ka shiga Play Store ka zaɓi anti-bairos da ka, caca ka yi, kuma cacar ba ta da kyau. A shekarar 2019 cibiyar gwaji ta AV-Comparatives da ke birnin Innsbruck na ƙasar Ostiriya ta gwada manhajojin tsaro 250 na Android da miyagun manhajoji 2,000. Guda 80 ne kawai suka kama sama da kashi 30 cikin ɗari ba tare da sun yi wa manhajar kirki ƙazafi ba, kuma 23 ne suka kama duka. Wasu daga cikin waɗanda suka faɗi ba sa binciken komai. Jerin sunayen manhajojin da suka yarda da su kawai suke ɗauke da shi, duk wadda ba ta ciki sai su kira ta cuta. Har an samu waɗanda suka manta ba su sa sunansu a jerin ba, suka nuna kansu a matsayin cuta.

Akwai waɗanda suka fi haka muni. A 2014 wata manhaja mai suna Virus Shield, da ake sayarwa dala 3.99, ta samu masu saye sama da 10,000, alhali ba abin da take yi sai canza wata alama a fuskar waya idan an taɓa ta. Sai da Google ya cire ta ya mayar wa mutane kuɗinsu. A 2022 kuma kamfanin Check Point ya gano manhajoji shida a Play Store da suka yi shigar anti-bairos, amma aikinsu shigo da SharkBot, wata muguwar manhaja mai satar bayanan shiga banki. Galibin waɗanda abin ya shafa a Italiya da Birtaniya suke, sai dai dabarar ba ta da iyakar ƙasa: ɓarawo ya zo da kakin mai gadi, mai gida ya miƙa masa makulli da hannunsa.

Ko da duk waɗanda ka gwada na kirki ne, kowace sai ka buɗe mata asusu da imel ɗinka, wata har da katin banki don gwajin kyauta. Goge manhaja ba ya soke rajistar biyan kuɗi, shi ya sa wasu ke ganin an cire musu kuɗi kan abin da suka daɗe da gogewa.

Wani lokaci ma canjin na suna ne kawai. Avast ya sayi AVG a 2016. NortonLifeLock ya sayi Avira a 2021, sannan ya haɗe da Avast a 2022, aka sa wa sabon kamfanin suna Gen Digital. A yau Norton da Avast da AVG da Avira duk 'yan gida ɗaya ne, kuma Avast da AVG injin bincike ɗaya suke amfani da shi. Wanda ya yi fushi da ɗaya ya koma ɗayar, ɗaki ya canza, yana nan cikin gidan.

Illar riƙo ido rufe

Wannan ba yana nufin mai riƙon gargajiya ya tsira ba. Hausawa na cewa sabo turken wawa. Sunan manhaja da tambarinta suna iya zama yadda ka san su shekara goma, amma mai ita da halinsa sun canza.

Ɗauki Avast, wanda miliyoyin mutane suka amince da shi saboda kyauta ne. A watan Janairun 2020 binciken 'yan jaridar Motherboard da PCMag ya nuna cewa wani reshensa mai suna Jumpshot yana sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi ke ziyarta. Kamfanin ya rufe reshen, kuma a 2024 hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta sa ya biya dala miliyan 16.5.

Ko Clean Master, wadda aka yi yayinta sosai a wayoyinmu. A watan Fabrairun 2020 Google ya kori manhajojin kamfaninta, Cheetah Mobile, daga Play Store, a cikin manhajoji kusan 600 da aka cire saboda karya dokokin talla. Duk wanda ya ci gaba da riƙe ta, ko yake karɓar tsohon fayil ɗinta ta Xender, yana ɗauke da manhajar da ba ta da hanyar sabuntawa ta Play Store.

Labarin Kaspersky ya sha bamban. Manhajarsa na cikin masu samun maki mai kyau a gwaje-gwaje. Amma a watan Yunin 2024 Ma'aikatar Kasuwanci ta Amurka ta haramta sayar da ita a ƙasar bisa dalilan tsaro masu alaƙa da Rasha, zargin da kamfanin ya musanta. Masu amfani da ita a kwamfuta a Amurka sun wayi gari an sauya musu ita da wata mai suna UltraAV, sannan Google ya cire manhajojin kamfanin daga Play Store. Haramcin bai shafi Najeriya ko Nijar ba, amma cirewar ta shafi kowa, domin mai ita yanzu sai ya nemi sabuntawa ta shafin kamfanin ko wata kasuwar manhajoji. Manhaja na iya zama mai inganci, hanyar samunta ta toshe.

Ƙa'idar da za ka bi

Ka riƙe guda ɗaya, amma riƙon ɗan haya da ke sabunta yarjejeniya duk shekara. Ka ware rana ɗaya a shekara ka yi mata waɗannan tambayoyi biyar:

1. Tana cikin gwajin masu zaman kansu? Cibiyar AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus tana gwada manhajojin Android a kai a kai, tana ba da maki har 6 a fanni uku: kariya, nauyi a kan waya, da rashin ƙararrawar ƙarya. Sakamakonta da na AV-Comparatives kyauta ne a shafukansu. Kada ka dogara da taurarin Play Store, domin mai ba da tauraro biyar ba shi da hanyar sanin abin da ya wuce ba a kama ba.
2. Yaushe aka sabunta ta? Ranar tana rubuce a shafinta na Play Store. Idan an shafe watanni masu yawa, ko ma shafin ya ɓace, ka nemi wata.
3. Wa ke da ita yanzu, kuma an kama shi da wasa da bayanan mutane?
4. Ta fara neman izinin da bai shafi aikinta ba, ko tana jefo talla a fuskar wayarka ko da ba ka buɗe ta ba?
5. Tana cinye batir da data, ko tana sa wayar nauyi? Wannan na da muhimmanci ga mai ƙaramar itel ko Tecno mai RAM 2GB.

Idan ta haye duka biyar, ka bar ta, ko da wata ta fi ta da rabin maki a gwajin wannan watan. Manyan manhajoji kan yi ta musayar matsayi, bambancinsu kaɗan ne. Idan ta faɗi a ta farko, ta biyu ko ta uku, ka canza ba tare da jin kunya ba.

Kada ka girka biyu ko uku a lokaci ɗaya da sunan ƙarin tsaro. Aiki ɗaya za su riƙa maimaitawa, su cinye batir, wani lokaci ɗaya ta riƙa ƙarar ɗaya. Play Protect da guda ɗaya ta kirki sun isa. Ko a kwamfuta, Microsoft Defender kan janye da kansa idan ka girka wata.

Idan canjin ya zama dole

Ka bi wannan tsari daki-daki:

1. Ka zaɓi sabuwar tukuna daga sakamakon gwaji, ka tabbatar sunan kamfanin da ke ƙarƙashinta a Play Store shi ne na ainihi.
2. Ka soke biyan kuɗin tsohuwar. A Play Store, taɓa hoton asusunka ka shiga sashen biyan kuɗi da rajista. Idan a shafin kamfanin ka biya, can za ka soke.
3. Idan tsohuwar tana kulle maka manhajoji ko tana ɓoye hotuna a taskarta, ka fito da su kafin ka goge ta, in ba haka ba za su iya tafiya tare da ita.
4. Ka janye manyan izinin da ka ba ta. A saitin waya ka nemo inda aka rubuta Device admin apps ka kashe nata, haka ma a Accessibility. Rashin yin na farkon ne ke sa wata manhaja ta ƙi goguwa.
5. Ka goge ta, ka kashe wayar ka kunna, ka girka sabuwar, ka sa ta binciki wayar gaba ɗaya.
6. Ka shiga shafin tsohon kamfanin ka nemi a rufe asusunka.

Abin da babu wadda za ta yi maka

Ko wacce ka zaɓa, ba za ta hana ka karanta wa ɗan damfara lambar OTP ko BVN a waya ba. Ba za ta amfane ka ba idan ta yi gargaɗi a kan GBWhatsApp, ko wani fayil ɗin APK da aka tura maka a shagon tura finafinai, ka danne gargaɗin ka girka. Ba kuma za ta toshe ɓarakar da ke cikin Android kanta ba, wannan sai sabuntawar da kamfanin wayarka ke turowa, wadda da yawa ke ɗagewa saboda tsoron data.

Kafin ka rufe wannan shafi, buɗe Play Store, taɓa hoton asusunka, shiga Play Protect ka tabbatar a kunne yake. Sannan ka duba manhajojin tsaro da na share-share nawa ne a wayarka. Idan sun wuce ɗaya, ka yi musu tambayoyin nan biyar, ka bar wadda ta haye, ka sallami sauran ta hanyar da muka bayyana. Sai mun haɗu a darasi na gaba.