Zazzaɓin da ya ƙi jin magani: a duba zuciyar yaro

Daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa, idan jikin yaro ya yi zafi ba a dogon tunani, maleriya ce. Sau da yawa kuma haka ɗin ne, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka. Inda gizo ke saƙar shi ne rana ta uku, yaro ya shanye maganin maleriya tsaf, zazzaɓin kuma yana nan daram. A nan ne ake komawa kemis a canza allura, ko a ce taifod ce, a rataya ƙarin ruwa. A kan wannan rana ta uku nake son mu tsaya, domin akwai wani ciwo da ke biyo bayan korona yana taɓa zuciyar yara, kuma farkonsa ba shi da maraba da zazzaɓin da muka saba.

Na san akwai mai cewa korona ai ta wuce, wani ma bai taɓa yarda ta zo ba. Ta zo. A watan Afrilun 2020 aka tabbatar da ita a jihar Katsina bayan rasuwar wani likita a Daura. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye ranar 5 ga Mayun 2023 matakin gaggawa ne, ƙwayar cutar kuwa tana nan tana yawo cikin mura da tari. Yara galibi ba ta kayar da su, wani ma ba za a san ya kamu ba. Amma a ƙarshen Afrilun 2020 likitocin yara a Ingila suka fara ganin wasu yara na zuwa da zazzaɓi mai zafi, ciwon ciki da zuciya mai rauni, makonni bayan cutar ta ratsa gidajensu. An ga irin su a Bergamo ta Italiya, da Amurka, da Afirka ta Kudu, likitocin Legas ma sun kwantar da wasu. Likitoci na kiran ciwon MIS-C. Ya fi kama yara 'yan makarantar firamare, kuma ya ragu sosai tun bayan ɓullar nau'in Omicron a ƙarshen 2021. Duk da haka sanin alamominsa ba asara ba ne, don yadda zuciyar yaro ke nuna gajiya iri ɗaya ne, ko korona ce sanadi, ko mashaƙo, ko ƙarancin jini.

Ba ƙwayar cutar ce ke yin ɓarnar da kanta ba. Garkuwar jikin yaro ce ke tashi yaƙi, ta kori cutar, sannan ta ƙi tsayawa, kamar wutar sharar gona da ta gama cin ciyawa ta zarce rumbu. Mako biyu zuwa shida bayan murar da kowa ya manta, sai kumburi ya kama sassan jiki da dama a lokaci guda. A zuciya yakan raunana tsokar da ke harba jini, ko ya tara ruwa a jakar da ke lulluɓe da ita, ko ya buɗa jijiyoyin da ke shayar da ita. Wannan na ƙarshe shi ya sa ake kwatanta ciwon da cutar Kawasaki, wadda likitan Japan Tomisaku Kawasaki ya bayyana a 1967.

Uwa ce ke fara gani, don haka da ke nake. Idan zazzaɓi ya kai kwana uku, fito da yaron tsakar gida cikin hasken rana ki dube shi da kyau. Idanu biyun sun yi ja amma babu kwantsa? Leɓe ya yi ja ya tsattsage, harshe ya yi jajir? Tafin hannu da na ƙafa sun kumbura ko sun yi ja? Akwai kaluluwa a wuya? Ƙuraje kan fito, sai dai a baƙar fata ba kasafai ake ganin jansu ba, gara ki shafa da hannu ki ji, ki kuma fi dogara da ido da baki da tafi. Yawancin yaran na fama da ciwon ciki mai tsanani, da amai ko gudawa, har akan ɗauka afendis ne. Da yawa idan suka ga ƙurajen za su ce ƙyanda ce. Ƙyanda kan zo da tari da majina da idanu masu ruwa, ƙurajenta kuma daga fuska da bayan kunne suke saukowa. Ko ma ita ce, asibiti ne wurinta.

Alamomin zuciyar kansu sun fi waɗannan gaggawa. Jinjiri zai kama nono ya saki yana haki, gumi na tsatstsafo masa a goshi. Wanda ya yi wayo zai ce ƙirjinsa na ciwo ko zuciyarsa na bugawa da ƙarfi, ya kasa kwanciya rigingine sai an jingina shi, ko jiri ya ɗebe shi ya faɗi da zarar ya miƙe. Fuska da ƙafafu na iya kumbura, fitsari ya ragu.

Akwai awo uku da ba sa buƙatar komai sai agogon waya. Yaro na kwance ba ya kuka, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cikakke. Ɗan ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara, 50. Daga shekara zuwa biyar, 40. Sai ki ɗora tafinki a ƙirjinsa ta hagu ki ƙirga bugun zuciya. Zazzaɓi kansa na ƙara gudun zuciya, saboda haka ki bari farasitamol ya sauke zafin tukuna. Idan jiki ya huce, yaro na barci, amma bugun ya wuce 160 ga ɗan ƙasa da shekara, ko 140 ga ɗan shekara biyu zuwa biyar, ba lafiya ba. Na uku, ki danna farcensa har ya yi fari, ki saki. Idan jan bai dawo cikin daƙiƙa uku ba, ga hannu da ƙafa sun yi sanyi alhali ciki na zafi, jini ba ya isa inda ya kamata. Wannan ba na jiran gari ya waye ba ne.

Maigida, naka aikin shi ne yanke shawara da wuri. Kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki, ba a kama hanyar Funtuwa ko Malumfashi da dare yadda aka ga dama. Saboda haka yaron da ya kwana uku da zazzaɓi, ga jan ido ko ciwon ciki, a fita da shi da hantsi, kada a ce bari mu ga yadda zai yini.

Abin da na fi jin tsoro shi ne ƙarin ruwa a kemis ko a ɗaki. Mun ɗauke shi maganin kowace kasala. Zuciyar da ta raunana ba ta iya tura ruwan da aka ɗura mata da sauri, sai ya taru a huhu, yaron da ya shigo da ƙafarsa ya koma numfashi sama-sama. Wasu yaran lalle suna buƙatar ruwan, amma kaɗan-kaɗan, ana aunawa ana sauraren ƙirji. Ruwan gishiri da sukari ta baki babu laifi ga mai gudawa. Asfirin kuwa, da magungunan rage kumburi irin su deksa, ana amfani da su wajen jinyar wannan ciwo, amma likita ne ke sa su bayan ya tabbatar da abin da yake yaƙa. Kada a saya a ba yaro.

A asibiti, a faɗa wa likita ranar da zazzaɓin ya fara, da duk maganin da aka sha, a tafi da kwalayen. A tuna masa idan an yi mura ko tari a gidan cikin wata ɗaya ko biyu da suka wuce, ko da yaron bai yi ba. Za a gwada maleriya, kuma ko gwajin ya nuna akwai ta, wannan bai kore MIS-C ba. A wurinmu yaro na iya ɗauke da ƙwayar maleriya wani abu daban na cin sa. Gwajin korona na hanci kan fito babu komai, domin cutar ta riga ta wuce. Za a duba yawan jini, da ma'aunan kumburi irin su CRP da ESR. Na zuciya kuwa akwai ECG mai nuna tsarin bugunta, da gwajin jini na tiroponin mai nuna ko tsokarta ta ji rauni, da hoton ƙirji. Mafi muhimmanci shi ne hoton zuciya da ake kira eko, wanda ke nuna ƙarfin harbawarta da faɗin jijiyoyinta. Ba ya ciwo, ba a huda ko'ina. Idan babu shi a inda kuke, ku nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, wanda ke kan hanya kafin a shiga Zariya daga Funtuwa, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano.

Mafi yawan yaran da aka kama ciwonsu da wuri suna warkewa, ƙarfin zuciyar ya dawo cikin kwanaki ko makonni. Sai dai sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen jinya ba. Jijiyoyin zuciya na iya buɗewa bayan zazzaɓi ya tafi, shi ya sa ake maimaita eko bayan mako ɗaya zuwa biyu, a sake bayan mako huɗu zuwa shida. Yaron da tsokar zuciyarsa ta kumbura akan hana shi aikin ƙarfi wata uku zuwa shida: babu ƙwallo, babu jan guga, babu noma ko dakon itace, sai likita ya sake dubawa ya ba da izini. A sanar da malamin makarantar boko da na allo. Idan an yi masa ƙarin sinadarin garkuwa da ake kira IVIG, a gaya wa masu rigakafi, domin allurar ƙyanda sai an jinkirta ta watanni kafin ta kama. Takardar sakamakon eko ta farko kuma a adana ta cikin leda, da ita likita zai gwada ta biyu.