Kayan Aikin Mai Son Ƙera Ƙananan Motoci

Wani mai sauraronmu daga Tudun Wada ya ce tun yana yaro yake yin motar kara, yanzu yana son ya ƙera ƙaramar mota mai kama da ta gaske sak. Wane kayan aiki zai fara saya?

To Malam, ai ka riga ka yi nisa. Hannun da ya saba fere karan dawa ba zai sha wahala ba. Abin da ya raba wannan aiki da wasan yara shi ne awo, don haka rula da fensir ne farko. In ka zaɓi ma'aunin 1 bisa 50, kowace santimita ɗaya a aikinka tana wakiltar santimita 50 a motar gaske. Babbar mota mai tsawon mita 10, irin masu ɗaukar masara daga Doguwa, za ta dawo santimita 20 ke nan. Taya da ƙofa su ma haka za ka raba su, in ba haka ba motar ta fito kamar an yi mata kumburi.

Sai wuƙa mai kaifi ko reza, da almakashi, da ƙaramar filaya ta lanƙwasa waya da gwangwani, da samfefa. Gam iri biyu: Top Bond na kwali da katako, Super Glue na ƙananan sassa. A kula, wannan na biyun yana manne yatsu nan take.

Fenti ka bar shi sai hannu ya faɗa. Taya kuwa, tsohon silifa ya wadatar.