Ƙwaron Ruwa: Abokin Gabar Sauro a Tafkunan Dannet

Jama'ar Dannet, makiyaya da masu garake, ku saurara. Ƙasarmu ta yammacin Abzin ba ta samun ruwan sama sai daga Yuli zuwa Satumba. Idan ƙoramu suka sauko daga duwatsu, sai su bar tafkuna nan da can. Kafin mako ya zagayo za ku ga baƙaƙen ƙwari masu santsin baya suna iyo a ciki. Wasu kan ce ƙazanta ce ta haife su. Ba haka ba ne. Fukafukai gare su, da dare suke tashi neman sabon ruwa, shi ya sa suke faɗowa kan gilashin mota, suna zaton tafki ne.

Masana sun ƙidaya fiye da iri 4,000 na masu nutso kaɗai. Irin wannan ƙwaro yakan ɗago bayansa saman ruwa, ya ɗebi iska ƙarƙashin fukafukansa, ya sake nutsewa. Akwai kuma mai kewaya a saman ruwa, wanda kowane idonsa ya rabu biyu, rabi na duban sama, rabi na duban ƙasa.

Amfaninsu gare mu shi ne farauta. Su da tsutsotsinsu suna cin 'ya'yan sauro tun ba su yi fiffike ba. To, wanda ya zuba baƙin mai ko ragowar maganin ƙwari a tafki ya kashe mafarauta, sauro kuwa ya riga su dawowa, zazzaɓi ya biyo baya.

Amma a kiyaye. Ganin ƙwaro ba shaida ce ta cewa ruwa ya shawu ba. Muna maƙwabtaka da Arlit, inda kamfanin SOMAÏR ya fara haƙar yuraniyom a 1971, da Akokan, inda mahaƙar yuraniyom ta COMINAK ta rufe a 2021, ga kuma ma'adinin yuraniyom na Imouraren a ƙasarmu. Awon ma'aikata kaɗai ke bayyana gubar ma'adini.

Saboda haka:

1. Kada a wanke mota ko jarkar magani a tafki.
2. A ware wa dabbobi mashaya guda, domin a taɓon gefen ruwa tsutsar ƙwaron take rikiɗa.
3. A tace ruwan sha, a tafasa saboda ƙwayoyin cuta.
4. A nemi hukuma ta riƙa auna rijiyoyi.
5. A kwana cikin gidan sauro, domin ƙwaro taimako yake yi, ba ya gama aikin.

Wanda ya karanta ya sanar da wanda bai karanta ba.