Yadda Ake Shirya Keke Don Zuwa Aiki Kullum

Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya ƙare, kuɗin zirga-zirga ya zama kaya mai nauyi a wuyan ma'aikaci da ɗan kasuwa da ɗalibi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin shekarar 2024 ta fita kuma ta tsallake naira 1,000. A Kano, inda aka hana acaɓa tun watan Janairun 2013, wanda ba shi da abin hawa sai dai ya tsaya bakin titi yana ciniki da mai a-daidaita-sahu safe da yamma. Wannan ya sa kekunan da suka daɗe jingine a zaure suna shan ƙura suka sake fitowa. Sai dai ba kowa ke ɗorewa ba. Wani mako biyu kawai zai yi ya mayar da keken inda ya ɗauko shi, yana kukan ciwon gwiwa da yawan faci, ya yanke hukunci cewa da yana da keke mai tsada da bai sha wannan wahala ba. A ganina wannan hukunci kuskure ne. Abin da ke sa a dogara da keke kullum shi ne a shirya shi bi da bi, a fara da abin da ba ya cin kuɗi, a bar ado da ƙyale-ƙyale su zo ƙarshe in ma za su zo.

Farkon aiki shi ne zaɓen keken da ya dace da garin da ake ciki. A kasuwa iri biyu suka fi yawa. Akwai dogon baƙin keke mai taya inci 28 da birkin sanda, irin ƙirar da kamfanin Raleigh na Ingila ya yi suna da ita har ya kafa masana'anta a Kano, wadda Phoenix na ƙasar Sin da Hero da Avon na Indiya suka ci gaba da yi. Akwai kuma na hannu da ake shigowa da su daga waje, galibi masu taya inci 26 da giya da yawa. Matasa sun fi karkata ga mai giya, hujjarsu kuwa ita ce ya fi sauƙin tuƙi. A Jos ko Abuja, inda hawa da gangara suka yi yawa, hujjar tana da ƙarfi. Amma Kano shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce in ka ɗebe Dala da Goron Dutse, haka Katsina da Maiduguri, kuma a irin wannan wuri giya ɗaya ta wadatar. Ƙarfen da ke sauya giya yana rataye ne kusa da ƙasa, faɗuwa ɗaya tana lanƙwasa shi, ƙura tana cushe shi, kayansa kuma ba kowane mai gyara ke ajiye su ba. Ma'aunin da ya kamata a bi shi ne wannan: in keken ya lalace a tsakiyar hanya, mai gyaran da ke ƙarƙashin bishiya mafi kusa zai iya tashinsa kuwa? Kafin a biya, a duba wuraren da ƙarafa suka haɗu ko akwai tsagewa ko alamar walda, a ɗaga kowace taya a juya ta a ga ko tana rawa, a girgiza ta gefe da gefe, in tana ƙwas-ƙwas boris ya ci.

Da an kawo keke gida, sai a daidaita sirdi, aikin da sifana ɗaya da minti biyar suka isa. Mutum ya hau ya dafa bango, ya ɗora diddigensa a kan feda lokacin da take can ƙasa. In tsawon ya yi daidai, ƙafar za ta miƙe sarai, ta yadda in ya koma taka fedar da gaban tafin ƙafa, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Mutane da yawa suna sauke sirdi ƙasa don ƙafafunsu biyu su taɓa ƙasa suna zaune, suna ganin hakan ya fi aminci. Abin da ke biyo baya shi ne gwiwa tana aiki a naɗe, ƙarfin cinya yana tafiya a banza, tafiyar rabin sa'a ta zama azaba. A kula da layin da masana'anta suka zana a jikin ƙarfen sirdin, kada a zaro shi ya wuce nan, domin zai iya karyewa.

Daga nan sai taya, kuma nan ne ya kamata a fi daɗewa, don yawancin ɓacin ran mai keke daga nan yake fitowa. A gefen kowace taya an rubuta yawan iskar da take ɗauka. Wanda ba shi da ma'auni ya danna ta da babban yatsa, in ta lotsa cikin sauƙi iska ta yi kaɗan. Tiyub yana sakin iska a hankali ko da ba shi da huda, saboda haka famfo na gida, a ba taya iska sau ɗaya a mako, shi ne sayayya ta farko da ta cancanci kuɗi. Taya mai laushi tana da nauyin tuƙi, sannan in ta faɗa rami ƙarfen ƙafar keken yana matse tiyub ya yi masa huda biyu gefe da gefe. Duk wanda ya ga irin wannan huda ya san ba ƙusa ba ce, rashin iska ne. Faci kuwa kowane mai keke ya kamata ya iya shi, ba don a raina masu sana'ar ba, sai don taya ba ta zaɓar wurin sacewa. A ɓalle gefe ɗaya na tayar, a zaro tiyub, a hura shi a tsoma cikin ruwa har a ga inda kumfa ke fita. A goge wurin ya bushe, a kankare shi da abu mai kaushi, a shafa sholisho siriri. Sai a jira ya sha iska har ya daina ƙyalli kafin a manna facin a danne sosai, domin gaggawar mannawa a kan ɗanyen sholisho ita ce ke sa faci ya ɗaye bayan kwana biyu. Kafin a mayar da tiyub, a bi cikin tayar da yatsa a hankali a nemo abin da ya huda ta. Ƙayar tsidau, wadda ta cika gefen hanyoyinmu, takan maƙale a cikin roba ba a ganinta, in ba a cire ta ba sabon tiyub ma zai sace kafin a kai ƙarshen layi.

Birki ba ya buƙatar dogon bayani, yana buƙatar gaskiya. A tura keken a matse na gaba, ya kamata tayar baya ta nemi ɗagawa. A matse na baya, ya kamata tayar ta ja ƙasa. In hannun birki yana taɓa kan keke kafin ya kama, a ɗaure shi, in robar ta cinye a sauya ta, kuɗinta bai kai na zuwa da dawowa a a-daidaita-sahu na 'yan kwanaki ba. Birkin gaba ne ya fi tsayar da keke, shi ya sa cire shi da wasu ke yi don tsoron kifewa ganganci ne. Maganin kifewa shi ne a matse biyun tare a hankali. Da damina kuma, musamman a watan Agusta, birki a kan jiƙaƙƙen ƙarfe yana jinkirin kamawa, sai a fara matsawa tun daga nesa.

Sarƙa tana da abokiyar gaba ɗaya, ƙura, kuma da hunturu ƙurar ba ta da iyaka. Al'adar kwarara mata baƙin mai da aka juye daga inji tana cutar da ita, don wannan mai ya riga ya cika da datti, kuma yana kama yashi su haɗu su riƙa cin haƙora kamar dutsen niƙa. A wanke sarƙa da kananzir da tsohon buroshi, a bari ta bushe, a ɗiga mata mai mara kauri irin na keken ɗinki a kowace gaɓa, a juya feda, sannan a goge na waje da tsumma, domin man da ke aiki shi ne wanda ya shiga ciki. A keke mai giya ɗaya, sarƙa ta riƙa motsi sama da ƙasa kimanin santimita ɗaya. Tana gefen dama, don haka a naɗe ƙafar wando ta dama, mai babbar riga kuma ya tattare ta ko ya ninke ta a kariya, wato maɗorin kaya na bayan keke, har ya isa.

Sai bayan duk wannan ake maganar abin da za a ƙara. Kariya da igiyar roba sun fi jakar goyo, saboda kaya a baya yana jiƙa riga da gumi. A sa ƙararrawa, a sayi kwaɗo da sarƙa mai kauri, a riƙa ɗaure jikin keken da wani abu kafaffe, ba taya kaɗai ba. Fitila kuwa ba ta cikin ado: fara a gaba, ja a baya, ko da ƙananan masu caji ne. Mai keke yana ganin mota da daddare sai ya ɗauka direba ma yana ganinsa, alhali baƙin keke da tufa mai duhu bayan magariba ba sa bayyana sai an zo dab da su. Hular kwano tana da amfani kuma wanda ya samu ya sa, amma tana rage rauni ne bayan an faɗi, birki da fitila su ke hana a faɗi.

Za a ce duk wannan shiri bai kawar da haɗarin titi ba, kuma gaskiya ne, titunanmu ba a ware wa keke hanya a kansu ba. Amma haɗarin yana raguwa ƙwarai da zaɓen hanya da yanayin tuƙi. Mai keke bai kamata ya bi hanyar da zai bi da mota ba. A ranar hutu ya gwada layukan cikin unguwa, ko da sun ɗan fi tsawo, ya kauce wa manyan tituna irin titin Zariya da titin Katsina a Kano inda tireloli ke bi. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun 1972, kuma keke ma dama zai bi. Wasu masu keke suna bin hagu suna fuskantar motoci, suna cewa gara su ga abin da ke zuwa, sai dai direban da zai shigo titi yana duban inda motoci ke fitowa ne, ba ya tsammanin kowa daga ɗaya ɓangaren. A bar tazara tsakani da a-daidaita-sahu, wanda ke iya tsayawa ba sanarwa da ya hango fasinja, kuma kada a taɓa kutsawa tsakanin babbar mota da bakin titi a wurin kwana.

Za a kuma kawo zafi, tunda a watan Afrilu ma'aunin zafi a Kano yana haura digiri 40. Amsar ita ce lokaci da sauri. Tafiyar kilomita shida a natse ba ta wuce rabin sa'a, kuma wanda ya fita da sanyin safiya ya dawo bayan la'asar ya kauce wa tsakar rana. Ya riƙe gorar ruwa, ya ajiye riga ta biyu a wurin aiki. Saura maganar da ba a cika faɗa a fili ba, wato kunyar a ga mai albashi a kan keke. Wannan lissafi ya ishe ta amsa: mutum ya tara abin da yake biya na mota a wata, ya kwatanta da kuɗin tiyub da robar birki da ɗan mai.

A nan shugabannin ma'aikatu da makarantu da kasuwanni suna da rawar da za su taka, kuma ba mai tsada ba ce. Su ware wuri mai inuwa kusa da mai gadi, a kafa ƙarfen da za a ɗaure keke a jikinsa, domin tsoron sata yana hana mutane da yawa fitowa da keke fiye da tsoron rana.