Amsoshin Tambayoyinku: Bindigata Tana Watsa Kwanson Harsashi Ba Inda Ya Dace Ba

Tambaya: Ni mazaunin Amurka ne, ina da bindiga ƙirar AR-15 da na mallaka bisa ƙa'ida, nakan je filin koyon harbi a ƙarshen mako. Damuwata ita ce kwanson harsashi. Maimakon ya faɗi gefena, sai ya yi gaba, ya bugi allon da ya raba ni da na kusa da ni, ya dawo mini da zafinsa. Ko akwai gyara?

Amsa: Akwai gyara, amma fara gane cewa inda kwanso ya faɗi alama ce, kamar zazzaɓi a jikin mutum. Ciwon yana ciki.

Wannan bindiga, wadda ta samo asali daga ƙirar Eugene Stoner a kamfanin ArmaLite a shekarun 1950, da hayaƙin albarushinta take aiki. In ka harba, wani kaso na hayaƙin yakan bi ta ɗan rami a jikin hancin bindiga, ya shiga siririn bututu, ya turo sakata baya. Ƙugiyar da ke bakin sakata ta jawo kwanson, wani ɗan fil mai sifirin ya tunkuɗe shi waje. Saboda haka gudun sakata shi ke yanke inda kwanso zai sauka.

Maharba a can da fuskar agogo suke aunawa: bakin bindiga ƙarfe 12, damanka ƙarfe 3. In kwanso yana sauka tsakanin 3 da 4, lafiya lau. In yana tafiya ƙarfe 1 ko 2, kamar naka, galibi hayaƙi ya yi yawa. Sakata tana dawowa da ƙarfin tsiya, kwanson ya daki ɗan tudun da ke bayan tagar fitarsa, ya yi tsalle gaba. Duba tudun nan da kyau, za ka ga ya yi ɗorawa-ɗorawa da gogar tagulla, wataƙila ma bakin kwanson ya lotse. An ƙara tudun ne a ƙirar M16A2 a shekarun 1980, don kada kwanso mai zafi ya riƙa samun bahago a fuska. In kuwa kwanso yana zubowa baya wajen ƙarfe 5 ba kuzari, sakata kuma ba ta tsayawa a buɗe bayan harsashin ƙarshe, to hayaƙi ya yi kaɗan, ko yana zurarewa a hanya.

Kada ka yi saurin kashe kuɗi. Wanke bindigar, ka sa mata mai, ka gwada wani harsashin, domin 5.56 yakan fi .223 ƙarfin turi. Sannan a duba sifirin ƙugiya da na fil ɗin nan, sukan gaji. In duk wannan bai sauya komai ba, sai a koma kan nauyin da ke cikin gindin bindiga, wanda suke kira bafa. Na yau da kullum kusan giram 85 ne, wanda ake kira H2 kuwa wajen 130. Mai nauyi yakan rage wa sakata gudu, kwanso ya dawo gefe. Akwai kuma maƙunshin hayaƙi mai sukurun ragewa da ƙarawa, amma wannan aikin maƙerin bindiga ne mai lasisi. Dabarar ba sabuwa ba ce, tsofaffin sojojin Najeriya da suka riƙe FN FAL sun san tana da zoben daidaita hayaƙi tun daga masana'anta. Ita kuwa bindigar G3, jifa da kwanso nesa ɗabi'arta ce.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗaukar magagari a goge fil ko a faɗaɗa ramin hayaƙi a gida. Ƙarfen da aka ci ba ya dawowa. Kuma in bindigarka tana harbi ba cijewa, kwanso yana taruwa wuri guda, ko da ƙarfe 2 ne, ni dai da na bar ta. Ka sayi ragar tare kwanso da ake maƙalawa a bakin taga, kai da na kusa da kai ku huta. Kafin ka taɓa komai, cire gidan harsashi, ka buɗe sakata, ka leƙa ciki da idonka, kuma kada ka shiga fili ba tabarau.