Suleja: Garin Da Ya Ba Abuja Sunansa

Duk wanda ya taso daga Kaduna zuwa Abuja a mota, zai ga wani babban dutse a gefen hanya kusa da Madalla. Shi ne Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin takardar naira 100. Kafin ka kai ga dutsen, akwai hanyar da ta ratse zuwa Suleja, a Jihar Neja. Matafiya da yawa suna wucewa ba su san cewa wannan gari shi ne Abuja ta asali ba.

Labarin ya faro ne daga Zariya. A zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka fara a 1804, dakarun jihadi ƙarƙashin Malam Musa suka ci birnin Zazzau. Sarkin Zazzau na lokacin, Muhammadu Makau, ya fita da jama'arsa ya yi kudu, zuwa ƙasar Gwari da Koro, ya sauka wajen Zuba. Bai samu zama ba, don yaƙi bai bar shi ba har aka kashe shi kusa da Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abubakar Jatau ya gaje shi. Mutum ne mai hasken fata, shi ya sa ake ce masa Abu Ja. A 1828 ya kafa sabon gari a bakin kogin Iku, ya kewaye shi da ganuwa, garin ya ci sunansa: Abuja.

Wurin da ya zaɓa yana tsakanin duwatsu da kurmi, inda mahayan doki ba sa sakewa. Wannan ya taimaka wa garin ƙwarai. An sha kawo masa hari daga Zariya, amma ba a taɓa cin sa ba har zuwan Turawa a 1902. Sarakunansa kuma ba su yar da sarautarsu ta gado ba. Har yau Sarkin Zazzau ake ce wa sarkin Suleja.

A zamanin Turawa Abuja ƙaramin gari ne na manoma, masaƙa, marina da masu saƙar tabarma. Abin da ya fitar da sunansa duniya shi ne tukwane. A farkon shekarun 1950 wani Bature mai suna Michael Cardew ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a garin. A 1954 wata Bagwariya, Ladi Kwali, ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko. Ta riga ta iya sana'arta tun daga gida. Ba ta bukatar na'ura: da hannu take ɗora yumɓu, tana zagaya tukunyar tana shafe ta, sannan ta zana mata kifi, kada, kunama ko ƙadangare. An kai aikinta har Ingila da Amurka. Ku ɗauko takardar naira 20 ku juya bayanta, za ku gan ta tana aikin tukunya. Ba ta yi karatun boko ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa.

Babban sauyi ya zo a 1976. Legas ta cika ta batse, ga ta kuma a can gefen ƙasa. Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta amince da shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, cewa a gina sabon babban birni a tsakiyar Najeriya. An yanki fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja, Filato da Kwara, kuma kaso mafi yawa daga ƙasar masarautar Abuja ya fito. Sabon birnin ya ɗauki sunan Abuja. Tsohon garin kuwa aka sa masa Suleja, don girmama sarkinsa na lokacin, Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Ba ƙaramin abu ba ne gari ya ba da ƙasarsa ya kuma ba da sunansa, kuma ya kamata yaranmu su san wannan.

Da aka fara aikin, sabuwar Abuja daji ce, babu gida babu ofis. A Suleja ma'aikatan hukumar gina birnin suka fara kafa sansani. Magina, birkiloli, kafintoci, direbobi da masu sayar da abinci suka yi ta kwararowa. Da gwamnati ta ƙaura daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991, sai abin ya ƙaru. Dalilin a fili yake: kuɗin haya a cikin birni ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Daga baya, rusau da aka yi a unguwannin Abuja da hana acaɓa shiga tsakiyar birni a 2006 suka ƙara turo jama'a. A ƙidayar 2006, mutanen ƙaramar hukumar Suleja sun haura 200,000.

Ku je tasha bayan sallar asuba ku gani. Masinja da jakarsa, mai gadi da zai je karɓar abokin aikinsa, mai share ofis, birkila da cebur a kafaɗa, duk suna rububin mota. 'Yan kamasho suna kiran Zuba, Kubwa, Wuse. Da magariba su dawo a gajiye, bayan sun sha cunkoso a Madalla. Ƙarfinsu ya ƙare a Abuja, amma a Suleja suke neman ruwa, asibiti da makarantar 'ya'yansu. Nan ne nauyin ya fi wa garin yawa. Gonaki sun zama unguwanni kafin a fitar da titi ko magudanar ruwa. Gidaje da yawa sun dogara da rijiya, burtsatse da 'yan garuwa. Wasu sun yi gini a bakin rafi, damina ta zo ruwa ya shiga ɗaki.

Saboda haka, mai son sayen fili a irin wannan gari ya fara tambaya: a wace ƙasa filin yake? Suleja da Madalla suna Jihar Neja, Zuba kuwa tana cikin Babban Birnin Tarayya, kuma kowane ɓangare da ofishin da ke ba da takardar mallaka. Kada ya tsaya ga maganar dillali. Ya ga mai unguwa, ya kai takardun ofishin filaye a duba masa, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, ya karanta ta da kansa kafin ya sa hannu. In da hali, ya je ya ga filin a watan Agusta, bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi.